Keke Nawa, Rasit Nasa

Na ga saƙonninku a ƙarƙashin abin da na rubuta wancan makon. Wata ta ce ni butulu ce. Wata ta ce irina ne ke sa maza suna daina alheri. Wani bawan Allah kuma ya zauna ya zubo min nasiha mai tsawon turmin zani, wai in ji tsoron Allah in koma wa mutumin da ya saya min sana'a. Na gode muku duka. Amma tunda kun yanke hukunci tun ba ku ji ta bakina ba, ku gyara zama ku ji yadda aka fitar da keken ɗinkina daga ɗakina, ido na ganin ido, a gaban uwar da ta haife ni.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: tela ce ni, a gida nake ɗinki, a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar shigowa. Mutumin da ake ta yi min faɗa a kansa kuwa, kowa Akawu yake ce masa, don shi ke riƙe da lissafin wani babban shagon kayan gini. Ya daɗe yana nemana da aure, har an saba da ƙarar motar wurin aikinsu a layinmu. Mutum ne fes-fes, rigarsa kullum da karin guga, biro biyu a aljihun gaba, ba ya ɗaga murya ko an taka shi. Irin wanda iyaye ke gani su ce 'yarsu ta yi goshi. Ni ma da haka na ɗauka.

Abin da ya raba mu ba dogon labari ba ne. Ya karɓi wayata wai zai gyara min wani abu, sai ya bi duk wata lambar namiji ya toshe ya goge. Har da ta mai kawo min zare, har da ta shugaban makarantar da ya yi min alkawarin ɗinkin kayan ɗalibai. Bawan Allah ya yi ta nemana bai samu ba, ya gaji ya kai aikin wani wuri. Da na tunkari Akawu, ko gezau bai yi ba. Ya ce mutuncina yake karewa, kuma gara in fara sabawa tun yanzu. Na kalle shi daga sama har ƙasa, na ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

To, mu dawo kan keken.

Da wani tsohon keken ƙafa na fara, wanda matar da ta koya min ɗinki ta bar min. Ya tsufa har yana tsallake ɗinki, yana cin zare, in na taka shi da sassafe maƙwabta su ɗauka niƙa ake yi. Shekaru na yi ina ƙulla kuɗi don in sayi babba mai aiki da lantarki. Na ɗinka wata 'yar jaka da ragowar ƙyallaye, duk ladan da ya shigo in cire na zare da na cefane, saura in cusa a ciki in tura ƙasan akwati. Ƙawayena na canza waya, ni tawa da roba nake ɗaure bayanta. Takalmina ɗaya na fita, har mai gyaran takalmi ya ce in tausaya masa in bar shi ya huta. Duk wannan a idon Mama aka yi. Ita ce ma ke ce min, "Ƙara ƙullawa, 'yar nan, hannunki shi ne mijinki na farko."

Ranar da kuɗin suka cika, Akawu ya ce zai raka ni, wai 'yan kasuwa in suka ga mace ita kaɗai sai su yanke ta. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda na yi wa aiki a wuya da kaina, na yafa baƙin mayafi, na rungume jakata a ƙirji kamar jaririya.

Shagon babba ne, kekuna jere a cikin leda, ga ƙamshin man keke da sabon kwali. Muka daidaita farashi. Na fito da jakata, sai matar da ke karɓar kuɗi ta ɗaga hannu.

"Ba ma karɓar tsabar kuɗi masu yawa haka. Tun da aka taɓa shigo mana, mai shago ya hana. Sai dai a turo ta waya."

Ni kuwa asusuna na banki ba komai a ciki sai sunana. Na yi tsuru-tsuru. Akawu ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Kawo, ni in tura musu daga nawa." Na miƙa masa jakar a wani lungu bayan kwalaye, ya ƙirga da yatsunsa masu sauri, ya ce sun cika cif.

Ku da ba teloli ba, ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Tela ba ya sayen keke bai ɗana shi ba. Tun daga gida na taho da ƙyallayena: mai kauri, mai santsi, da leshi mai ramuka wanda ke tona asirin kowane keke. Aka jona min shi, na zauna, na zura zare, na taka. Wayyo Allah. Ɗinki ya tafi sumul, ba tsalle, ba tattara, ƙararsa ƙasa-ƙasa kamar kyanwa na barci. Na juya ƙyallen na duba bayansa, na ja da ƙarfi in ga ko zai saki, na canza allura, na sake takawa. Na manta da shago, na manta da Akawu, na manta da duniya. Can daga nesa na ji matar tana tambaya, "Sunan wa za a sa?" Na ji da kunnena. Amma a lokacin leshin nake bi a hankali, ban ko ɗago kai ba.

Da ya dawo ya ce an gama, ya dafa aljihunsa. "Takardar na wurina. Ke jakarki kamar kasuwa take, almakashi ma ɓata yake a ciki."

Na yi dariya. Dariyar nan ita ce ta fi komai ci min rai yanzu.

A motar wurin aikinsu aka kawo shi gida. Kafin a sauke, matan layi sun cika ƙofa. Mama ta fito tana gyara ɗaurin ɗankwali, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka, ta ce, "Ku zo ku ga abin da surukina ya kawo wa 'yata!" Akawu yana tsaye yana kallon ƙasa, yana murmushin kunya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da muka shiga ciki na ja ta gefe.

"Mama, kuɗina ne fa."

"Na sani mana. Ba a gabana kike ƙullawa ba? Ki bar ni in ɗaga kai ko sau ɗaya a layin nan. Kullum sai dai in ji na wasu, surukin wance ya yi kaza, surukin wance ya yi kaza."

Na ƙyale ta. Me zai ragu a jikina don uwata ta yi farin cikin yini ɗaya? Sai dai ba yini ɗaya ba ne. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a layin famfo, ta faɗa wa Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai ƙarshen dangi. Baba kansa, da yake fita tun asuba ya dawo bayan magariba, abin da ya ji ke nan.

Kuma don kada ku ce na ɓoye alherinsa: bayan wasu watanni Mama ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Akawu ne ya kai ta asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin ɗakin gwaji da kantin magani, Baba na ta ce masa Allah ya yi albarka. Ya yi, ban musa ba. A lokacin har kuka na yi don godiya.

Kwana kaɗan da rabuwarmu, ina cikin yanka kayan bikin wata malamar asibiti, nata da na ƙannenta, saƙonsa ya shigo.

"Tunda kin yanke shawara, ina so a dawo min da kayana."

Na rubuta masa, "Ba damuwa. Turare, takalma, agogo, duk na haɗa a leda. Aiko a ɗauka."

"Da keke."

Na ajiye almakashi. Na karanta, na sake karantawa.

"Wane keke?"

"Wanda na saya."

"Ka ji tsoron Allah. A hannunka na zuba kuɗin nan."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Sai ga hoto ya shigo. Rasit ne, a miƙe sumul kamar an goge shi da dutsen guga, da hatimin shago, da lambar keken, da sunansa cikakke har da na mahaifinsa. A ƙasa ya ƙara da cewa, "Ni ba na magana sai da hujja."

Ban san lokacin da na zura hijabi a kan kayan aiki ba, da zare a jikina, da alli a yatsuna. Na tari abin hawa na nufi shagon. Matar tana nan a kujerarta, da tabarau a kan hanci. Na zayyana mata komai. Ta jawo littafin da kwafin rasit ke zama a ciki, ta yi ta buɗawa tana lasar yatsa har ta kai.

"Ga shi. Sunansa ne. Kuɗin ma daga asusunsa suka shigo."

"Amma ai kin gan ni ranar. Ba ki tuna ni ba?"

"Na tuna ki sarai. Ba ke ce kika zo da tsummokara kika cika mana shago da zare ba?"

"To ki faɗa musu nawa ne!"

Ta cire tabarau ta dube ni, ba da wulaƙanci ba. "Ƙanwata, me zan faɗa? Na ga kina ɗinki, ban ga kina biya ba. Sai da na tambaya sunan wa za a sa, da ƙarfi na tambaya, ina kallon wajenki. Ko lalacewa keken ya yi yau, ba za mu karɓa daga hannunki ba sai da wannan takardar. Ke ko allura kika saya, ki ce a rubuta miki, ki tsaya ki karanta sunan da aka sa, ki kai gida ki adana. Ba rashin yarda ba ne. Mutum ne ba ka saninsa sai ranar rabuwa."

Na tsaya ina kallon kujerar da na zauna ranar. Wata yarinya ce a kai tana gwada wani keken, wani saurayi na tsaye a bayanta yana danna waya. Na so in je in girgiza ta. Ban yi ba, na fito kawai, don hawaye sun riga sun fara zubo min.

Kafin in kai gida Gwaggo ta turo saƙon murya. Na kunna a hanya.

"Ke 'yar nan, wai me nake ji? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Kin karɓi keke, kin karɓi turare, an yi jinyar uwarki, yanzu kya ce ba kya so? Don ya goge lambar wasu ƙarti? Mijina har rediyo ya hana ni ji, ga ni nan ban mutu ba. Ki ba shi haƙuri tun kafin mu ji kunya."

Na kashe wayar. A gidanmu ba a taɓa karɓar rasit ba, sai dai wanda aka cusa mana a leda, shi ma a kunna murhu da shi. Baba yakan ce neman takarda a wurin wanda ka sani zargi ne. Da wannan tarbiyyar na tashi, kuma ranar nan na ji haushinta har cikin ƙashina.

Ranar Asabar bayan la'asar suka zo, shi da kawunsa, wani dattijo mai furfura da carbi a hannu. Aka shimfiɗa musu darduma a falon Baba, aka kawo ruwa. Mama ta zauna a bakin ƙofa, ta lulluɓe da mayafinta mai ruwan ƙasa. Ni ina gefenta. Akawu ya sa farar riga, ya naɗe ƙafafu, ya sunkuyar da kai, wanda bai sani ba sai ya ce shi aka zalunta.

Bayan gaisuwa kawun ya ce, "Ba mu zo tozarta kowa ba. Aure nufin Allah ne, in babu rabo ba a dole. Amma yaron nan ya yi ɗawainiya, kuma shi mutum ne mai tsari." Ya yi masa alama da kai.

Akawu ya buɗe wata jakar takardu, ya fara jerawa a kan tebur. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Rasit ne, ɗaya bayan ɗaya, kowanne an maƙale shi a farar takarda, an rubuta kwanan wata a gefe da jan biro. Na turare. Na takalma. Na katin waya. Na lemon da muka sha ranar da ya fara cewa yana sona, wallahi har da shi. Ashe duk lokacin da nake sunkuyar da kai ina jin kunyar kyautarsa, shi yana ninke takarda yana sawa a aljihu. Daga nan ya fito da wani ƙunshi mai kauri, ya ajiye shi dabam, a ɓangaren da Mama take. Na hango tambarin asibiti a sama. Na ji numfashinta ya canza.

Na ƙarshe shi ne na keken. Shi ya sa a tsakiya.

Kawun ya ce, "Duk waɗannan ya yafe. Har na asibitin, ya ce don Allah ya yi. Keken nan kawai yake so, don shi ne babba. In an ba shi, magana ta mutu a nan. In kuma gardama za a yi, to, sai a baje komai a yi lissafi."

Baba ya juyo. "Uwata, me za ki ce?" Haka yake kirana tun ina ƙarama.

Na faɗi komai. Jakar ƙyallaye, ƙasan akwati, shagon da ba ya karɓar tsabar kuɗi, lungun bayan kwalaye. Na ce a sa shi ya rantse. Akawu ya ɗago a hankali ya ce, "Baba, ni ba na son rantsuwa a kan abin duniya. Takarda ga ta nan." Ko muryarsa ba ta girgiza ba.

Baba ya ɗauki rasit ɗin, ya nisanta shi da idonsa, ya karanta. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ke kina da taki shaidar?"

"Ina da ita. Mama. A gabanta na tara kuɗin nan, tun daga na farko."

Duk aka juya wajenta. Ni har na fara jin sanyi a raina, don na san ko duniya za ta taru a kaina, wannan matar ta san gaskiya. Ita ta riƙe min bakin jakar ranar da zip ɗinta ya lalace ina gyarawa.

Baba ya ce, "Kin ji. Wa ya sayi keken nan?"

Mama ta ja mayafi ta ƙara rufe goshinta. Ta kalli ƙunshin asibitin. Ba ta kalle ni ba.

"Ni dai abin da na sani," in ji ta, "shi ya kawo shi gidan nan."

"Mama!"

"Shi ya kawo shi. Kowa a layin nan ya gani."

Ban yi ihu ba. Baba ya ajiye takardar, ya share fuskarsa da tafin hannu, ya ce a ba su kayansu. Na san bai yarda da su har zuciya ba, na gani a idonsa. Amma mutum ne da bai taɓa ƙaryata matarsa a gaban baƙi ba, kuma ba shi da abin da zai ɗora a kan teburin nan.

Ashe da masu ɗauka suka zo, suna jira a mota. Suka shiga ɗakina da takalmansu. Rigar malamar asibitin na kan keken, na kai rabin hannu, allura na cikin yadi. Ɗayansu zai fizge na daka masa tsawa, na zo na ɗaga allurar da kaina, na yanke zaren, na zare rigar. Ni na cire wayar daga bango, ni na naɗe ta, don kada su ja su tsinka. Har a lokacin tausayin keken nake ji. Suka kinkime shi, ƙafarsa ta bugi bakin ƙofa, na ji kamar a haƙarƙarina. Matan layi suna tsaye a ƙofofinsu, waɗanda suka taya Mama murna ranar da ya zo, su ne suka raka shi da ido.

Tsohon keken ƙafar kuwa tuni na bayar da shi ga wata marainiya da ke koyo, ta tafi da shi garinsu. Ɗakin ya zama fili. Sai sawun ƙafafun tebur a kan leda, da kayan bikin mutane a yanke, an jera su a kan gado, ga biki saura 'yan kwanaki. Yadin kuma ba nawa ba ne, mai tsada ne, na riga na sa masa almakashi.

Kafin magariba wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Akawu. Kekena ne a wani ɗaki mai sabon fenti, an goge shi yana ƙyalli, an ajiye masa kujera mai laushi.

"Gidan da na kama mana ne. Na sa miki shi kusa da taga, na san kina son haske."

Wani ya biyo baya.

"Ban karɓa don in cutar da ke ba. So nake ki yi tunani. Gobe da safe zan zo in ɗauke ki, ki taho da ɗinkin mutane ki ƙarasa, kada ki ji kunya. Ranar da aka ɗaura mana aure kuma, da kaina zan je a canza sunan da ke kan rasit."

Na kifa wayar. Na tsane shi a lokacin, tsanar da ban san ina da irinta ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya san daidai inda zai kama ni.

Da safe ina zaune a ƙasa, a gurbin keken, Mama ta shigo. Tun jiya ba mu haɗa ido ba. Ta tattara yankakkun kayan ta ninke su a babbar jaka, kowace riga da hannayenta, yadda ta ga ina yi. A kafaɗarta ga shuɗin mayafina, an goge.

"Tashi ki shirya. Ya ce yana hanya."

"Me ya sa, Mama?"

"Ki tashi na ce."

"Ba zan tashi ba sai kin faɗa min. Kunyar matan layi ce? Don kada a ce kin yi ƙarya? Ni kika sayar don bakin mutane?"

Ta ajiye jakar. Ta zauna a bakin gado. Da ta buɗe baki, muryar ba tata ba ce.

"Matan layi su ci kansu. Kin ga kaurin takardun asibitin nan? Na ga abin da aka rubuta a ta sama kawai, ya ishe ni. In na ce keken naki ne, za su ce a yi lissafi. Babanki zai ce sai ya biya ko zai mutu, kin san shi. Da me zai biya? Gidan nan ma haya ne." Ta sa bakin zaninta ta share ido. "Na auna, na ga ke yarinya ce, hannunki na nan, za ki sake tarawa. Babanki kuwa ba zai sake tashi ba."

Ina kallon hannunta, wanda har yanzu bai gama warwarewa ba tun faɗuwar nan, ajiye a kan cinyarta.

Wayata ta haska a ƙasa. Malamar asibitin ce: "Telata, ina fatan an kusa? Jibi zan turo a karɓa."

Sai ga hon ɗin mota a ƙofar gida. Sau ɗaya, a hankali, irin na mutumin da ya san za a fito.

Na jawo gwangwanin allurai, na zaro ta hannu, na ciro rigar nan mai rabin hannu daga jakar. Zaren ya ƙi shiga, don idona ya cika. Na lasa, na sake gwadawa.

"Da hannu?" in ji Mama. "Kayan mutum nawa, 'yar nan? Ko aljana ce ke ba za ki gama ba."

"Na sani."

Zaren ya shiga. A waje na ji an kashe mota, an buɗe ƙofa an rufe. Takun takalmi ya taho har bakin zaure, sannan muryarsa, a natse kamar kullum, ta yi sallama.

Mama ta dube ni. Na soka allura a yadi.

Ya sake yin sallama. Sai na ji Baba, wanda ashe yau bai fita ba, yana jin duk abin da muke faɗa, ya amsa daga falo, ya ce, "Shigo. Dama ina son ganinka, kai kaɗai, ba da kawunka ba."